Zazzaɓi, ciwon kai da ciwon ciki a jikin yaro: ba kullum ba ne maleriya da taifot

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ɗana mai shekara bakwai yau kwanansa uku da zazzaɓi, yana kukan ciwon kai da ciwon ciki, abinci ma sai da lallashi. Na kai shi kemis aka ce maleriya ce da taifot, aka haɗa mana magani kala huɗu ba a yi gwaji ba. Me ke kawo waɗannan ukun tare, kuma yaushe ne tafiya asibiti ta zama dole?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya.

Waɗannan alamomi uku ba sa nuna cuta guda. A jikin yaro kusan duk cutar da ta kawo zazzaɓi tana iya jawo sauran biyun. Zafin jiki da ƙarancin ruwa su kaɗai sun isa su sa ciwon kai. Ciki kuma, akwai ƙananan kaluluwa jere a jikin hanjin yaro da ke kumbura idan jiki na yaƙi da cuta, ko da cutar a maƙogwaro take. Ga shi yaro ƙarami in aka ce ya nuna inda ke masa ciwo, cibiya zai dafa, ko daga ƙirji ciwon ya taso ko daga mara. Abin da ke raba cututtukan shi ne kwana nawa aka yi, wace alama ce ta fara zuwa, wane lokaci ne na shekara, da kuma alama ta huɗu da ta biyo bayan ukun. Wanda bai tambayi waɗannan ba, bai kuma ɗauki jini ba, canke kawai ya yi.

Kafin komai, akwai alamomin da in an ga ko ɗaya ba a jiran gari ya waye: yaron ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa sosai, ko sambatu da rashin gane mutane, wuya ya sanƙare, numfashi sama-sama ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki, tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari fat, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ciki ya kumbura ya yi tauri ba ya bari a taɓa, amai kore ko mai jini. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓin kansa ya isa dalilin zuwa asibiti.

Maleriya ce ta farko da za a nema, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma tana zuwa da ukun nan cif, sau da yawa da amai da rawar sanyi. Sai dai nema ake yi da gwaji. Gwajin RDT ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, sakamako cikin minti 15 zuwa 20, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa da kemis da dama. Layi biyu akwai maleriya, layi ɗaya babu. In layin da ke gefen harafin C bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. Abu biyu ke ruɗa mutane game da shi. Na ɗaya, yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan yaro ya warke, domin ragowar sinadarin ƙwayar cutar yake gani. Yaron da ya sha maganin maleriya mako biyu ko uku da suka wuce, gwajin madubin ɗakin gwaje-gwaje ya fi dacewa da shi. Na biyu, a wurarenmu yara da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ta kwantar da su ba, saboda haka layi biyu bai hana a ce akwai wata cutar a gefe.

In ta tabbata, maganin ACT ne, irin su Coartem, kuma da nauyin yaro ake bayarwa. A ƙaramar ƙwaya mai lamba 20/120: kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya a kowane sha, kilo 15 zuwa 24 ƙwaya biyu, kilo 25 zuwa 34 ƙwaya uku, daga kilo 35 ƙwaya huɗu. Ɗan shekara bakwai yawanci yana wajen kilo 20 zuwa 23, wato biyu-biyu, amma a ɗora shi a sikeli a tabbatar. Sha shida ne cikin kwana uku: na farko yanzu, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare na kwana biyu. A ba shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo, don ɗaya daga cikin sinadaran maganin ba ya shiga jini sosai in ciki babu mai. In ya amayar cikin rabin awa, a maimaita. Inda aka fi yin kuskure shi ne rana ta biyu: jiki ya yi sanyi, yaro ya tashi wasa, sai a ajiye sauran don gaba. Ragowar ƙwayoyin cutar su ne ke dawowa bayan mako biyu ko uku a ce ai maganin ba shi da kyau. Kulorokwin kuwa tun 2005 Najeriya ta sauke shi daga maganin farko saboda ya daina aiki yadda ya kamata. Idan maleriya ta yi tsanani, allurar atesunet ce a asibiti, sau uku a awa 24 na farko, daga nan a cike da ACT na kwana uku. Allura ɗaya a kemis a koma gida ba magani ba ce.

Idan maleriya ce kaɗai, zazzaɓi yakan sauka cikin kwana biyu zuwa uku da fara magani. In bai sauka ba, a koma a sake dubawa, kada a sayo wani kalar maganin maleriyar.

Sai taifot, wadda a ganina ita ce cutar da aka fi laƙaba wa yara ba da haƙƙi ba, kuma ita ce in ta zo da gaske ake rainawa. Ƙwayar cutar tana shiga ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ta bayyana. Zazzaɓinta a hankali yake hawa, na yau ya fi na jiya, har ya kai ya zauna ba ya sauka dare da rana. Ciwon kai a goshi, kasala mai nauyi, ƙin abinci, harshe ya yi fari, wani yaron gudawa wani kuma bayan gida ya ɗaure. Zazzaɓin kwana biyu ko uku bai isa a kira shi taifot ba, sai dai a sa ido.

Gwajin Widal da ake dogaro da shi ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da jini ya taɓa yi mata yake aunawa. Yaron da ya tashi yana shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa ya sha haɗuwa da ita ko danginta, don haka ana iya ganin 1:80 ko 1:160 a jininsa yana cikin ƙoshin lafiya. Maleriya ma kanta tana ɗaga lambar. A makon farko na taifot ta gaske kuma gwajin yana iya fitowa babu komai, domin martanin bai taso ba tukuna. Daga nan ne "maleriya da taifot" ta zama kamar sunan cuta ɗaya a bakin mutane. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, abin da manyan asibitoci irin na koyarwa a Kano, Zariya da Sakkwato ke yi; yana ɗaukar kwanaki, kuma ya fi kamawa in ba a riga an fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Inda babu shi, likita yana yanke hukunci ne da tsawon zazzaɓin, gwajin maleriya da ya fito babu, da abin da hannunsa ya ji a cikin yaron. Magani irin azitromaisin ko allurar seftiriyazon ne, na mako ɗaya zuwa biyu, cikakke. Kafso biyu yau, uku gobe, shi ke koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Abin tsoron taifot yana mako na biyu zuwa na uku: tana cin bangon ƙarshen ƙaramin hanji har ya huje. Ciwon ciki ya tsananta farat ɗaya, cikin ya kumbura ya yi tauri kamar allo, yaro ya kwanta shiru ba ya son motsi, wani lokaci ma zafin jikin ya sauka a ɗauka sauƙi ne. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa. Kada a ba shi abinci ko ruwa, kada a ba shi maganin wankin ciki ko jiƙo, kada a matsa cikin.

Akwai wurin da iyaye ba sa dubawa, masu kemis ma haka: maƙogwaro. Tsakanin shekara 5 zuwa 15, ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar da ake kira sitiref yana zuwa da zazzaɓi kwatsam, ciwon kai, ciwon ciki da amai, kuma yaro ba lallai ya ambaci wuyansa ba, sai dai ki ga yana ƙin tuwo yana neman koko. Ki zaunar da shi, ki kunna fitilar waya, ya buɗe baki ya ce "aaa". Ki dubi ƙululun nan biyu na gefe da gefe a can ciki: in sun kumbura sun yi ja, da ɗigo-ɗigon farin ruwa a kansu, ga kaluluwa mai zafi a ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma babu tari babu majina, to da alama ita ce. Maganinta amoksisilin ko fenisilin na kwana goma cur, ko da ya warware a rana ta uku. Dalilin kwana goman shi ne in ba a kashe ta duka ba, bayan mako biyu zuwa uku tana iya jawo ciwon gaɓoɓi da ke lalata ƙofofin zuciya, lahanin da yaro zai girma da shi. Cire beli wurin wanzami ba ya taɓa wannan cuta, sai dai ya ƙara zubar jini da haɗarin tetanus.

In kuwa abin da kika gani fata ce mai ruwan toka manne a maƙogwaron, wuya ya kumbura ta waje, murya ta dushe, wannan mashaƙo ne, wanda ya ɓarke a Kano da maƙwabtanta tun ƙarshen 2022, ya fi kama yaran da ba su cika rigakafi ba. Kada a kankare fatar, jini za ta yi. Asibiti nan take, kuma a raba shi da sauran yara.

Sanƙarau lokacinsa sananne ne: daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, ya fi ƙamari a Maris da Afrilu, lokacin ƙura da zafi da cunkoson ɗaki. Arewacin Najeriya da Nijar suna tsakiyar yankin da yake addaba; annobar 1996 ta kama mutum sama da dubu ɗari a Najeriya kaɗai, ta 2017 kuma ta fi tsanani a Zamfara, Sakkwato da Katsina. Ciwon kansa daban ne: mai tsanani, da amai, yaro yana rufe ido daga haske, yana ƙin a ɗaga shi. Ki kwantar da shi rigingine ki sa hannu a ƙeyarsa ki ɗago kan a hankali. Mai lafiya haɓarsa za ta taɓa ƙirji. Mai sanƙarau zai turje, ya yi ƙara, ko ya naɗe gwiwoyi. A jariri ba a cika samun sanƙarewar wuya ba, sai dai maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, ya riƙa kuka mai tsini. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira a makare kuma yana iya rasa ji. Idan likita ya nemi ɗibar ruwan baya, a yarda. Wannan gwajin ba ya gurgunta yaro, kuma shi ke nuna irin ƙwayar cutar. Rigakafin da aka fara a Nijar a 2010 da Najeriya a 2011 nau'i ɗaya yake karewa, shi ya sa yaron da aka yi wa ma ana duba shi. Sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar Najeriya ce ta fara amfani da ita a duniya, a 2024.

Ciwon huhu ma yana ɓuya a bayan ciwon ciki, in ƙasan huhun ne ya kamu. Ki ɗage rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye ya yi yawa. Shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ɗan shekara bakwai in ya haura 30 ga tari, a duba ƙirjinsa. Cutar mafitsara da ƙoda ta fi yawa a 'yan mata: zafi wurin fitsari, yawan zuwa, fitsarin kwance ga wadda ta daina, ciwon mara ko kwiɓi. Gwajin fitsari ke nunawa, a tari na tsakiya a kwalba mai tsabta.

Afendis kuma jerin zuwan alamominsa ne ke tona shi. Ciwon ciki ke fara zuwa, a cibiya, sannan ƙin abinci da amai, sannan zazzaɓi mara zafi sosai, cikin rabin yini zuwa yini ciwon ya gangara ƙasan ciki ta dama ya tsaya. Ki ce ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ko ya yi tari. In ya dafe dama ya ƙi, ko yana tafiya a duƙe, ko kowane rami da mota ta faɗa sai ya yi ƙara, a nufi asibitin da ke da likitan tiyata. Cutar da zazzaɓi mai zafi ya riga ciwon ciki zuwa ba kasafai take zama afendis ba.

Idan yaron mai sikila ne, duk lissafin jira ya rushe. Zafin da ya kai 38.5 asibiti ne a ranar, domin saifarsa ba ta tare ƙwayoyin cuta kamar ta kowa. In gefen hagu na ciki ya kumbura, yaron ya yi fari, ya yi laushi, jini ne ya taru a saifa, ƙarin jini yake buƙata cikin awanni.

Sauran a taƙaice. Ciwon shawara: fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya, ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari, tana iya zama ciwon hanta, tana iya zama maleriya ko sikila, don haka gwaji ne ba jiƙo ba. Tsutsar ciki tana sa ciwon ciki amma ba ta cika kawo zazzaɓi ba, kada a tsaya a kanta. Haƙori ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa, an dai saba ɗora masa laifi. Kaso mai yawa na zazzaɓin yara kuma ƙwayoyin bairos ne irin na mura, masu wucewa da kansu cikin kwana uku zuwa biyar: gwajin maleriya babu, yaro yana sha, yana ɗan wasa idan zafin ya sauka. Wannan ba ya buƙatar kafso ko allura.

A gida, ki auna zafin da ma'auni a hammata, 37.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Yaro mai kilo 20 zai sha 200 zuwa 300, wato rabin ƙwayar manya mai 500, ko mililita 10 zuwa 12 na ruwan maganin mai 120 a cikin mililita 5. Ki auna da sirinji ko murfin awo, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ki karanta jikin maganin mura da tari, da yawa akwai farasitamol a ciki, in an haɗa biyu hanta ce ke wahala. Ibufurofen a bar shi in akwai ciwon ciki, amai ko ƙarancin ruwa, yana ƙona ciki yana taɓa ƙoda. Asfirin ba na yara ba ne sam. A rage masa kaya, a goge jiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ruwan sanyi yana sa rawar ɗari, zafin ciki ya ƙaru.

Ruwa shi ne rabin jinya. In akwai amai ko gudawa, a kaɗa ƙunshin ORS a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. Mai lita ɗaya, leda biyu ta fiya wata ke nan. In babu, cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya. Ɗan ƙasa da shekara biyu mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, yaron da ya haura haka 100 zuwa 200, kurɓi-kurɓi. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar. A haɗa da zink, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata shida. Koko, kunu, fate, ayaba, duk abin da ya karɓa a ba shi.

Idan jijjiga ta zo, a kwantar da shi a gefensa a ƙasa, a kawar da abin da zai buge. Ba a cusa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura ruwa, manja ko rubutu ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, huhu suke tafiya; ba a kara shi da hayaƙi ko wuta. A yi addu'a ana shirin abin hawa. Ko ta tsaya da kanta a kai shi a ranar, in ta wuce minti biyar kuwa a tafi tana yi.

Game da magungunan da aka haɗa miki, ki ɗebe su duka da kwalayensu ki tafi da su asibiti yau, tunda an kwana uku ba gwaji. Ki faɗi ranar da zazzaɓin ya fara, abin da ya fara zuwa, abin da ya sha da sau nawa, yaushe ya yi fitsari da bayan gida na ƙarshe, da ko wani a gidan ko makarantarsu yana kwance. A yi RDT, a duba maƙogwaro, wuya, ƙirji da ciki, in da hali a auna yawan jini da fitsari.

Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ya kuma ƙi jin na kashe ƙwayoyin cuta, musamman da rani, ga ciwon maƙogwaro, amai, kumburin fuska ko jini a dasashi, a tuna da zazzaɓin Lassa. Daga fitsari da kashin ɓera a abinci yake zuwa, yana kuma bin jini da sauran ruwan jikin mara lafiya. Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da aka fi samunsa. Ki gaya wa ma'aikacin lafiya in akwai ɓeraye a rumbu ko ɗakin girki, ko an yi baƙo mara lafiya, ko yaron ya yi tafiya cikin mako uku da suka wuce. Maganin da ake ba masu ita ya fi amfani in an fara shi cikin kwana shida na farko, kuma kafin sakamako ya fito mai jinya ta riƙa sa safar hannu wurin kwashe amai da wanke kayansa.